Wa ke gadin bayanan 'yan makaranta a Amurka?

Malam Nura: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Tare da ni yau akwai Hajiya Zainab, wadda ta daɗe a harkar koyarwa, da Injiniya Usman, wanda aikinsa ke nan tsaron kwamfuta. Yau Amurka za mu leƙa, mu ga yadda makarantun gwamnati ke fama da masu kutse, da kuma waɗanda ke tallafa musu. Hajiya, Injiniya, barkanku da zuwa.

Hajiya Zainab: Barka kadai, Malam.

Injiniya Usman: Barka, Malam. Kafin mu yi nisa, ya kamata mai sauraro ya san yadda tsarin yake. A Amurka ba Washington ce ke tafiyar da makarantu ba. Kowane yanki yana da hukumarsa da ake kira gundumar makarantu, kuma yawansu ya kai wajen 13,000. Ita gundumar ke ɗaukar malamai, ita ke biyan albashi, ita ke sayen kwamfuta. Akwai irin ta Los Anjalis mai ɗalibai wajen 400,000, akwai kuma ta ƙauye da ɗalibanta ba su kai 500 ba.

Hajiya Zainab: Kuma ita ta ƙauyen, abin da take ajiyewa na yara iri ɗaya ne da na babbar.

Injiniya Usman: Sak kuwa, Hajiya. Amma mai kula da kwamfutocinta sau da yawa mutum ɗaya ne. Shi ke gyara na'urar buga takardu, shi ke raba wa yara kwamfuta, shi kuma ake sa ran zai tare ƙungiyar ɓarayi da ba su da wata sana'a dare da rana sai wannan.

Malam Nura: To me ɓarawo zai samu a makaranta? Ai ba banki ba ce.

Hajiya Zainab: Malam, bari ni in amsa wannan, don ya taɓa ni. Duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san abin da ke cikin fayil ɗin yaro. Ba sakamakon jarrabawa kaɗai ba ne. Akwai ciwon da yake fama da shi da maganin da yake sha. Akwai wanda iyayensa suka rabu, kotu ta ce kada a miƙa shi ga wane. Akwai yarinyar da ta shiga ofis tana kuka ta faɗi abin da wani ya yi mata, aka rubuta aka ajiye. A birnin Minneapolis, a watan Fabrairun 2023, wata ƙungiyar masu kutse mai suna Medusa ta kwashe irin waɗannan takardu, ta nemi dala miliyan 1. Hukumar ba ta biya ba, suka watsa su a intanet, har da rahotannin cin zarafi da na lafiyar ƙwaƙwalwa, da sunayen yaran a jiki. Katin banki idan an sace, ana soke shi a ba ka wani. Wannan kuwa ta yaya za a soke shi? Yarinyar za ta girma, ta nemi aiki, ta yi aure, takardar tana nan.

Malam Nura: Innalillahi.

Injiniya Usman: Akwai kuma lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba kowane ɗan ƙasa, wadda da ita ake karɓar bashi. Ta ƙaramin yaro ta fi tsada a wurin ɓarayi, domin ba wanda ke duba ta. Sai ya kai shekara 18 ya je neman bashin karatu, a ce masa ai ana bin sa.

Malam Nura: Ka ambaci Los Anjalis ɗazu. Su ma an taɓa su, ko?

Injiniya Usman: An taɓa su a farkon Satumban 2022, a ƙarshen mako mai dogon hutu. Masu kutse na son irin wannan lokaci, ofis ba kowa. Ƙungiyar Vice Society ce. Shugaban hukumar na lokacin, Alberto Carvalho, ya fito ya ce ba za su biya fansa ba, sai aka saki bayanan a watan Oktoba. Daga baya aka gano har da rahotannin gwajin halayyar ɗalibai kusan 2,000 a ciki. Amma ni wanda ya fi koya min darasi shi ne na gundumar Baltimore, a Nuwamban 2020, lokacin korona, yara kusan 115,000 duk suna karatu daga gida. Binciken da jihar Maryland ta yi ya nuna daga saƙon imel guda abin ya faro. Wani ma'aikaci ya ga saƙon, aka tura shi gaba don a duba, ya isa hannun ɗan kwangilar tsaro, shi kuma ya buɗe abin da ke liƙe da saƙon a wurin da ba shi da kariya. Karatu ya tsaya na kwanaki, gyara ya ci kusan dala miliyan 10.

Hajiya Zainab: Idan manya masu ma'aikata da kuɗi sun sha haka, ina ga ƙanana?

Injiniya Usman: Nan ne batun cibiyoyin yanki ya shigo. A jihar New York, tun 1948 aka yi dokar da ta ba gundumomi damar haɗa kai su riƙa sayen hidima tare. Ana kiran waɗannan hukumomi BOCES, yanzu guda 37 ne. A ƙarƙashin wannan tsari akwai cibiyoyin bayanai na yanki guda 12, su ne ke riƙe wa ɗaruruwan gundumomi layin intanet, da manhajar albashi, da rumbun bayanan ɗalibai, su sa ido kan abin da ke shiga da fita, su horar da ma'aikata. Jihar kuma tana mayar wa gunduma wani kaso na abin da ta kashe ta wannan hanya, don a ƙarfafa haɗin kan. Jihar Texas ma tana da cibiyoyin hidimar ilimi guda 20.

Malam Nura: Wato kamar yadda 'yan unguwa ke haɗa kuɗi su ɗauki mai gadi. Gida ɗaya ba zai iya biyansa ba, amma gida talatin za su iya.

Injiniya Usman: Haka yake, Malam. Ƙwararre a wannan fanni, albashin da banki ko kamfani zai ba shi, gundumar ƙauye ba za ta taɓa iya biya ba. Kuma sa ido na awa 24 ba aikin mutum ɗaya ba ne, dole sai da masu karɓa-karɓa. Ga wata fa'idar da ba a cika faɗa ba: idan aka ga wani saƙon yaudara a gunduma ɗaya da safe, kafin azahar an toshe shi a sauran duka.

Hajiya Zainab: Ni fa Injiniya ina da ja a nan. Idan mai gadin nan shi ke riƙe da mabuɗan gida talatin, ranar da aka sace mabuɗan fa? Ba abin da ya faru da PowerSchool ke nan ba?

Malam Nura: Yi wa masu sauraro bayani, Hajiya.

Hajiya Zainab: PowerSchool kamfani ne da dubban gundumomi a Amurka da Kanada ke ajiye rajistar ɗalibai a manhajarsa: suna, adireshi, maki, halartar aji. A Disamban 2024 aka shiga ta ƙofar da ma'aikatan kamfanin ke bi su taimaka wa makarantu, da kalmar sirri da aka sata. Takardun kotu sun ce abin ya shafi ɗalibai sama da miliyan 60 da malamai miliyan 10. Wanda aka kama kuwa matashi ne ɗan shekara 19, ɗalibin jami'a a Massachusetts, Matthew Lane, ya amsa laifinsa, aka yanke masa shekara 4. Gundumomin nan ba su yi sakaci a nasu ɓangaren ba. Amana suka bayar.

Injiniya Usman: Gaskiya ne, kuma akwai abin da ya fi wannan ciwo. Kamfanin ya biya fansa bisa alkawarin za a goge bayanan. A watan Mayun 2025 sai ga saƙonnin neman kuɗi suna isa kai tsaye ga hukumomin makarantu, a North Carolina da Toronto, da bayanan nan dai. Amma Hajiya, ina ganin akwai bambanci. Ƙofar da aka bi ba ta da tabbatarwa ta mataki biyu, wato ka sa kalmar sirri sannan a turo maka lamba a waya. Wace ce za ta iya tsare kamfani mai girman nan ta ce sai ta ga an sa wannan kafin ta sa hannu a kwangila? Gunduma mai ɗalibai 400 ba ta da wannan bakin. Gundumomi 60 da suka zo a dunƙule suna da shi.

Hajiya Zainab: Na yarda da rabin maganarka. Sauran rabin kuwa, ni tambayata ita ce me ya sa ake ajiye abin da ba a buƙata. A kutsen nan har waɗanda suka gama makaranta shekaru da dama abin ya shafa. Abin da aka goge, ba wanda zai sace shi.

Injiniya Usman: Wannan ba ni da ja. Kuma shi ne mataki mafi arha.

Malam Nura: Doka fa? Ba ta ce komai ba?

Injiniya Usman: Akwai dokar tarayya ta 1974 mai kare sirrin takardun ɗalibai, amma an rubuta ta ne zamanin fayil na takarda. New York ta yi tata a 2014, ƙa'idojin aiki da ita suka fito a 2020. Sun wajabta wa kowace gunduma ta naɗa jami'in kare bayanai, kuma duk kamfanin da zai taɓa bayanan yara sai ya sa hannu kan sharuɗɗa. Ka ga kuwa gunduma ɗaya tana iya amfani da manhajoji ɗaruruwa. Wa zai zauna ya karanta duk waɗannan kwangiloli? Cibiyoyin yanki ne ke ɗauke wa ƙanana wannan nauyi.

Malam Nura: Gwamnatin tarayya kuma?

Injiniya Usman: A 2021 Shugaba Biden ya sa hannu kan dokar da ta umarci CISA, hukumar tsaron intanet ta tarayya, ta yi nazarin matsalar, rahoton ya fito a Janairun 2023. A 2024 hukumar sadarwa ta FCC ta ware dala miliyan 200 na gwaji na shekara 3 don tsaron makarantu da ɗakunan karatu. Buƙatun da aka shigar sun kai dala biliyan 3.7.

Hajiya Zainab: Wato ko kashi 6 cikin 100 bai kai ba.

Injiniya Usman: Bai kai ba. Sannan akwai cibiyar MS-ISAC, wadda ta daɗe tana ba makarantu da ƙananan hukumomi gargaɗi da kayan kariya kyauta. A ƙarshen Satumban 2025 tallafin tarayya gare ta ya ƙare, ta koma sai an biya kuɗin zama mamba. Manyan gundumomi za su biya. Ƙananan ne nake jin tsoro, kuma shi ya sa nake ganin yanzu nauyin ya ƙara komawa kan jihohi da cibiyoyin yanki.

Malam Nura: Muna da masu sauraro a Bronx ta birnin New York da sauran biranen Amurka da yaransu ke waɗannan makarantu. Hajiya, me uwa ko uba za su iya yi?

Hajiya Zainab: Na farko, wasiƙar da makaranta ta aiko kan kutse, kada a jefar da ita, a nemi wanda zai karanta a fahimta. Sannan tun 2018 doka ta ba iyaye damar kulle tarihin bashin yaron da bai kai shekara 16 ba, kyauta, a kamfanoni ukun da ke riƙe da shi: Equifax, Experian da TransUnion. Idan aka kulle, ba mai buɗe bashi da sunansa. Akwai ɗan wahalar tura takardu, amma ya cancanta. Kuma idan fom ɗin makaranta ya nemi lambar shaidar yaro, ku tambaya ko dole ne. Makarantar gwamnati ba ta da ikon hana yaro shiga don ba a bayar da ita ba.

Injiniya Usman: In ƙara ɗaya, Malam. Zaman hukumar makarantu a buɗe yake ga jama'a, kowa na iya zuwa ya yi tambaya. A tambaye su ko duk ma'aikata na amfani da tabbatarwa ta mataki biyu, ko suna da kwafin bayanai a ajiye inda intanet ba ta kaiwa, da kuma yaushe suka gwada dawo da shi suka ga yana aiki. Da yawa suna da kwafin, gwajin ne ba a yi.

Malam Nura: To madalla. Lokaci ya cimmana. Hajiya Zainab, Injiniya Usman, mun gode ƙwarai. Masu sauraro, ku turo mana tambayoyinku, musamman kan yadda ake kulle tarihin bashin yara, Hajiya za ta amsa su a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.