Sauya Liman Ba Bincike Ba Ne

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin samarinmu na Sakkwato kwanan nan, a majalisu, a ɗakunan kwanan ɗalibai, har a zaurukan WhatsApp na dangi inda da can gaisuwa da sanarwar suna kawai ake yi. Maganar ita ce "Musulmin gado". Yaro zai dubi mahaifinsa, dattijon da furfura ta fito masa a sahun Asuba, ya ce: "Baba, ku fa addinin nan gadonsa kuka yi, ba ku bincika ba. Ni kuwa na yi bincike." Yana faɗa yana ɗaga kafaɗa, sai ka ce jiya ya sauka daga Azhar.

To, bari mu fara da ba shi gaskiyarsa, don ba ta da yawa. Ƙwarai, akasarin mutane gadon addini suke yi. Wanda aka haifa a Mabera ko Runjin Sambo ya buɗe ido ya ga buta da tabarmar salla, wanda aka haifa a gidan Kirista a Inugu ya buɗe ido ya ga ana shirin coci ranar Lahadi. Wannan ba sabon labari ba ne. Hadisi ya zo a Buhari da Muslim cewa kowane jariri ana haihuwarsa a kan fiɗira, iyayensa ne ke mayar da shi Bayahude ko Banasare ko Bamajuse. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta cewa tun yana matashi ya lura 'ya'yan Nasara a Nasaranci suke tashi, 'ya'yan Yahudu a Yahudanci, 'ya'yan Musulmi a Musulunci, kuma wannan ne ya tayar masa da ƙishirwar neman haƙiƙa. Ka ga kenan abin da yaron nan yake jin shi ya tono, an riga shi da shekaru ɗari tara.

Tambayata gare shi guda ce. Binciken nan da ka ce ka yi, ina ka yi shi?

Amsar ba ta wuce wayar da ke hannunsa. Bidiyo na minti uku a TikTok, wani na minti biyar a Facebook, wani malami yana zagin wani malami, an yanke farkon maganar an yanke ƙarshenta. Kuma waɗannan manhajoji an gina su ne su riƙa kawo maka irin abin da ka tsaya ka kalla jiya. Ka kalli malam wane sau biyu, gobe shi za ka tarar yana jiranka, jibi almajiransa, gata masu yabonsa. Bayan wata shida ba ka ji muryar kowa ba sai tasa, sannan ka fito kana cewa ka auna hujjoji. Wace hujja ka auna da wace? Da kana bin Baba ba ka tambayi dalili ba, yanzu kana bin mutumin cikin waya ba ka tambayi dalili ba. Liman ka sauya, ɗana. Sauya liman ba bincike ba ne.

Ku gwada su, jama'a. Ku tambayi mai binciken nan farillan alwala nawa ne a mazhabar Malikiyya da yake salla a kanta. Bakwai ne, suna nan a Ahalari, ɗan littafin da yara ke haddacewa a zaure. Ku tambaye shi inda ake ƙabli da inda ake ba'adi. Sai ya fara sosa ƙeya. Amma ku tambaye shi wane ne ɗan bidi'a a unguwa, wane limami ne ba a salla a bayansa, sai ya zubo muku sunaye har ku gaji. Wallahi abin yana ba ni takaici.

Wanda ke son ya san yadda neman addini yake, ya karanta tarihin Salmanul Farisi, Allah ya ƙara masa yarda. Ɗan gidan Majusawa ne a Farisa, ya bar gidan ubansa da wutar da suke bauta wa, ya yi shekaru yana zama gaban malaman Nasara daga wannan zuwa wancan, aka ci amanarsa aka sayar da shi bawa, kafin ya sadu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Madina. Abin da bincike ya ci masa kenan. Kai naka data ya ci.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a Sakkwato ake wannan magana, ƙasar da aka riga aka kashe wannan muhawara tun fiye da shekaru ɗari biyu. A zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya jiƙansa, an yi wasu ɗalibai da suka ɗan leƙa ilimin tauhidi irin na masu kalam, wato masu kafa aƙida da hujjojin hankali. Sai suka shiga tare talakawa suna yi musu jarrabawa: kawo hujjar hankali a kan samuwar Allah, jero siffofinsa yadda muka karanta. Wanda ya kasa, su ce imaninsa bai inganta ba, wasu ma su kafirta shi. Manomi da makiyayi da tsohuwa mai kaɗi, duk suka zama abin tuhuma. Shehu bai yi musu shiru ba. Ya yi rubuce-rubuce da dama yana rusa wannan ra'ayi, ciki har da Hisnul Afham, yana nuna cewa duk wanda ya furta kalmar shahada kuma yana aikin Musulunci, Musulmi ne a hukunci, ba a tona zuciyarsa, ba a ɗora masa sharaɗin da Annabi bai ɗora wa sahabbai ba. Waɗancan ɗalibai aƙalla sun riƙe littafi. Magadansu na yau ko wannan ba su yi ba.

Shi kansa Shehun fa gadon Musulunci ya yi. An haife shi a Maratta a 1754 a gidan malamai, ya fara karatu gaban mahaifinsa, ya ci gaba wajen baffanninsa da kawunnansa, ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Kuma da ilimi ya zauna masa, ya saɓa wa Malam Jibrilun kan kafirta Musulmi saboda manyan zunubai. Ya rubuta saɓanin da hujja, bai daina girmama malaminsa ba, bai daina ambatonsa da alheri ba. Ƙanensa Abdullahin Gwandu ma littafi sukutum ya yi yana lissafa malaman da ya karanta a gabansu da abin da ya ɗauka wurin kowanne. Su sun san daga ina iliminsu ya fito. Kai, samari, lissafa mana naka malaman. Sunan shafi za ka ba mu?

Wataƙila na tsananta. Na san cikin yaran nan akwai waɗanda da gaske tambaya ce ke damunsu, ba girman kai ba, kuma ba su sami mai amsa musu a gida ba. Nan ne zan juyo gare ku, iyaye da malamai, don ba ku tsira ba.

Yaro ya tambaye ka me ya sa ake kaza, sai ka daka masa tsawa: "Haka munka iske iyayenmu na yi." Allah gafarta Malam, wannan amsa ka san waɗanda Alƙur'ani ya jingina wa ita. Tana nan a Suratul Baƙara aya ta 170, tana nan a Suratuz Zukhruf, kuma ba a wurin yabo aka kawo ta ba. Sarakunan Gobir da Shehu ya yi wa wa'azi har aka kai ga hijira zuwa Gudu a 1804 ai ba cewa suka yi su ba Musulmi ba ne. Musulunci suka gada, suka gada tare da al'adun da suka cakuɗe da shi, suka ƙi a taɓa ko ɗaya. Ahalarin da muke taƙama da shi, jimlarsa ta farko cewa take yi abu na farko da ya wajaba a kan baligi shi ne gyara imaninsa, sannan sanin abin da zai gyara farillansa da shi. A gaba kaɗan ya ce bai halatta mutum ya aikata wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a kansa, ya tambayi malamai. Ya tambayi malamai! Mu ne muke cewa matambayi ba ya ɓata, mu ne kuma muke marin matambayin. Yaron da ka kora daga zaure da tsawa, ina kake jin zai nufa in ba waya ba? Can kuwa ba a korar kowa.

'Ya'ya mata su ne abin ya fi shafa. A Nurul Albab Shehu ya caccaki malaman da ke karantar da almajirai safe da yamma alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa mata jagorori da ake kira jaji suna shiga ƙauyuka da waƙoƙin ilimi cikin Hausa da Fulatanci, don matar karkara ta san addinin da aka haife ta a cikinsa. Yau a wannan gari, kusa da Hubbare, akwai gidajen da yarinya za ta kai aure ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata hukuncin haila. Su ma in ka tambaya, gado suke karewa.

Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma ban ga abin kunya a cikin wannan ba. Abin kunya shi ne mutum ya kai shekara arba'in saninsa na addini bai ƙaru a kan na ranar da ya bar makarantar allo ba, alhali uzuri ya ƙare. Fassarar Alƙur'ani ta Hausa ta Shaikh Abubakar Gumi tana hannun jama'a tun 1979. Jami'ar da ke ɗauke da sunan Shehu tana nan tun 1975. Zaurukan da ake karanta Ishmawi da Iziyya da Risala bayan Asuba da bayan Magariba ba a rufe su ba, kuma ba a sayen tikitin shiga. Mai cewa ya yi bincike, ya je can ya zauna ya buɗe littafi daga bango zuwa bango, a gaban mutumin da zai iya ce masa ka yi kuskure. Malamin kuma, in yaron ya zo da tambayar da ta yi masa nauyi, ya amsa masa, ko ya tura shi wurin wanda ya fi shi sani.

A huta lafiya.