Ruwan Landan da sabon tankin kifina: yadda nake sauke pH

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau muna falo, ga tankin nan a bayana, lita 60 ne, makonsa uku ke nan da kafawa. Kifi bai shiga ba tukuna, kuma da gangan ne.

Ku matso ku ga cikin butar shayin nan. Kun ga farin abin da ya kama gindinta kamar ɓawon ƙwai? Duk wanda ya zauna a Landan ya san shi. Ƙasar yankin nan alli ce, ruwan yana ɗauko sinadarinsa tun kafin ya iso famfo. Wani abokina da ke Bamingam bai san wannan wahala ba, domin ruwansu daga tsaunukan Wels ake janyo shi. To abin da ya ɓata butar nan shi ne yake riƙe da pH ɗin tankina a sama.

Ga waɗanda ba su saba ba, pH ma'auni ne daga 0 zuwa 14. Bakwai ne tsakiya, ƙasa da shi tsami, sama da shi ɓangaren kanwa. Kuma tsakanin 8 da 7 ba taki ɗaya ba ne, ninki goma ne. Na ɗebi ruwan famfo na gwada, ya ba ni 7.6. Na bar shi ya kwana a kofi, da safe ya kai 8, saboda iskar da ke narke a ciki ta fita. Ku riƙa barin ruwa ya kwana kafin ku yarda da lambar.

Ni kifin da nake so shi ne tetra, ƙananan nan masu layin shuɗi da ja, asalinsu kogunan Amazon inda ruwa ke da ɗan tsami. Bara na yi tanki na farko, na sayo kwalbar maganin sauke pH na zuba. Da yamma lamba ta faɗo, na ji daɗi. Washegari ta koma inda take. Na ƙara, ta sake komawa. Cikin mako guda na rasa kifi huɗu. Wallahi abin ya dame ni, rai ne da aka ba ni amana, kuma hawa da saukar nan ce ta kashe su.

Sai daga baya na gane dalili, kuma a kicin ɗin gidanmu na gano shi. Idan miya ta yi tsami me iyayenmu mata ke yi? Ɗan kanwa su jefa, tsamin ya mutu. Ruwan Landan tamkar an riga an jiƙa masa kanwa ne. Masu kiwon kifi suna kiran wannan KH, nawa ya kai 12. Duk tsamin da ka zuba sai ya cinye shi, ka yi ta zubawa ba ka ga komai ba, ran da ya ƙare kuma pH ya rufto gaba ɗaya. Don haka in za ka sayi kayan gwaji, sayi wanda ake ɗigawa a ruwan ya canza launi, ka haɗa da na KH.

Yanzu ga abin da nake yi. Wannan jarkar ruwan RO ce, ruwan da aka tace aka cire masa kusan duk sinadari, shagunan kifi na sayar da shi. Ina gauraya shi da na famfo rabi da rabi, KH ya dawo wajen 6. Kada a zuba RO zalla, kifi da tsirrai na buƙatar sinadarin, kuma ruwan da ba shi da KH ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na famfon kuwa dole a sa masa maganin cire kulorin. Lita shida kawai nake canzawa a lokaci guda.

Na kuma cire wasu fararen duwatsu biyu da na saka don ado. Na ɗiga musu binega suka yi kumfa, alamar su ma suna tura pH sama. A madadinsu ga wannan itacen da na jiƙa tsawon mako biyu.

Sai ganyen nan. Na bishiyar nan ce mai rassa kamar laima da ake shukawa a makarantu a gida, wadda ganyenta ke yin ja kafin ya faɗi. A can shara ne, a nan kuɗi na sa na saya. Yana rina ruwa kamar shayi marar ƙarfi, yana sauke pH kaɗan kaɗan, amma a ruwa mai KH 12 kusan ba ya taɓuka komai.

Ba na neman pH ya sauka har 6.5. Tankin sabo ne, ƙwayoyin halittar da ke cinye amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, suna kan ginuwa, abin kan ɗauki mako huɗu zuwa shida, kuma tsami da yawa yana rage musu kuzari. Tetra da aka haifa a tanki suna zama lafiya a 7.2 in dai ba ya motsi. Yau muna 7.5. Bari in jefa ganye ɗaya, ranar Asabar in Allah ya kai mu sai mu sake gwadawa tare.