Sharhi: Darasin Zane a Sakandare Ba na Kwafe Rubutun Allo Ba Ne

Masu sauraro, a makarantun sakandare da dama a jihar Kaduna, darasin zane-zane ne ake fara yankewa idan jadawali ya cushe. Inda aka bar shi ma, sau da yawa malam zai cika allo da bayani, yara su kwafe, a tashi ba wanda ya riƙe burushi. Abin da ɗaure kai a jihar da aka haƙo sassaƙen yumɓu na Nok a 1928, kuma a Zariya ne ɗalibai irin su Uche Okeke, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958.

Abin da wannan darasi ke koyarwa shi ne kallo. A ɗora tulu da ƙwarya a kan tebur, a rufe tagogin gefe ɗaya domin haske ya shigo ta waje guda. Ɗalibi ya miƙe hannunsa sak, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsayin tulun da fensir, ya gwada da faɗinsa. Galibin masu farawa sukan zana bakin tulu a zagaye kamar faifai, saboda abin da suka sani suke zanawa, alhali daga inda suke zaune bakin a matse yake kamar ƙwai. Da fensir HB ake fitar da siffa a hankali, sannan a sa inuwa da fensira masu laushi da baƙi, daga 2B zuwa 6B. Wanda ya danne tun farko, ko ya goge sai shaidar ta zauna a takarda. Wannan ido da hannu shi ake nema a zanen gini, a ɗinki, da zanen sassan jiki a ajin bayoloji.

Yumɓu ya fi kowanne koyar da haƙuri. A jiƙa shi, a tace tsakuwa, a cuɗa sosai har ya haɗe. Kaurin abin da aka gina kada ya wuce santimita 2. A shanya a inuwa mako ɗaya zuwa biyu. A lokacin hunturu a lulluɓe da leda, domin iska na busar da baki ta bar gindi da danshi, sai tsagewa. Idan aka gasa da sauran laima, ruwan ciki ya zama tururi ya fasa tukunyar. A rini kuwa, a wanke yadi tukuna a fitar da sitaci, in ba haka ba launi ba zai kama ba. Sodar rini mai ƙona fata ake zubawa cikin ruwa, kada a zuba ruwa a kan soda, kuma ba a taɓawa sai da safar hannu.

Akwai iyayen da ke ɗari-ɗari saboda batun zana mai rai, kuma bai kamata a yi watsi da damuwarsu ba. Sai dai fagen da faɗi: akwai zayyanar allo, tsara haruffa, zanen atamfa, dagi da adon bango irin na fadar Zazzau. Ladi Kwali da ke jikin takardar Naira 20, ginin tukwane ne ya kai ta can.

Babbar matsalar ita ce lokaci. Minti 40 ba ya isa: kafin a raba kaya a ɗebo ruwa, rabi ya tafi. Shugabannin makarantu su haɗe darasi biyu ya zama minti 80, su ware ɗaki mai kabad da bokitin ruwa. Fenti uku, ja da shuɗi da rawaya, tare da fari da baƙi, sun wadatar a fara, muddin an nuna wa yara cewa gauraya ukun gaba ɗaya launin laka yake bayarwa. Ɗalibin da zai zauna jarrabawar WAEC a wannan fanni, aikin hannu za a ce ya yi a gaban mai sa ido, don haka ya fara tara zanensa a jaka guda tun daga SS1, kowanne da kwanan wata a bayansa.