Rigimar gwamnatoci ta shigo mana har cikin asusu

Rahoton wata na ƙungiyarmu ta nan Faransa ya ɗan dakata. Zan fara da abin da ya hana ni barci.

Ɗan'uwanmu na zaune a can baya, ba sai na kama suna ba. Ya yi aure a Damagaram, ya cika duk takardun da hukumar nan ta nema domin matarsa ta biyo shi. To ina za ta kai fasfonta? Ofishin jakadancin Faransa da ke Yamai an rufe shi tun farkon Janairun 2024. Jakadan ma, Sylvain Itté, wanda sojoji suka ba awa 48 ya fice, ya bar ƙasar tun Satumban 2023. Dole sai ta fita wata ƙasa neman biza. Ta isa Gaya ta tarar gadar Malanville a rufe saboda saɓanin Nijar da Benin, yarinyar da ba ta taɓa shiga ruwa ba aka sa ta a kwale-kwale, fasfo a ƙulle cikin leda a bakin zani. Kuɗin mota, kuɗin masauki, zaman jira, duk a wuyansa. Ya zo neman rance a ƙungiya, ma'aji ya buɗe littafi, muka kalli juna. Kunya ta kama ni, wallahi.

Kuma na san dalili. Tun ranar 26 ga Yulin 2023 da aka kifar da Bazoum, zaurenmu na WhatsApp ya koma filin daga. Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki, aka rufe Jibiya da Illela, wasunmu suka ce ba za su ƙara zuba sisi a asusu ɗaya da "mutanen Tinubu" ba. Da Janar Tiani ya fito a Disamban 2024 ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, ya musanta, sai ɗaya ɓangaren ma ya ɗaure aljihu. Abin da ya fi ba ni mamaki, da Hausa aka yi zargin, da Hausa aka mayar da martani. Na ji daɗi harshenmu ya kai nan, amma da faɗa?

Jama'a, ECOWAS ta janye takunkumin tun Fabrairun 2024. Su da suka sa sun cire, mu ne har yau ba mu cire namu ba! Ni mahaifina Bakatsine ne, mahaifiyata 'yar Maraɗi. Ina yaro kakata kan ɗauke ni mu bi ta Ɗan Isa ranar kasuwa, ban taɓa sanin na bar wata ƙasa na shiga wata ba. Yau da wanne ɓangaren jikina zan yi gaba? Kowa ya riƙe ra'ayinsa, mai son AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, ya so, mai son CEDEAO, wato ECOWAS, ya so, ni ma ina da nawa. Amma Yuro 10 na wata ba Abuja yake tafiya ba, ba kuma Yamai ba.

Ku tuna Air France ya daina sauka Yamai tun Agustan 2023. In Allah ya yi wa ɗayanmu rasuwa, gawa sai ta zaga ta Kasabalanka ko Istanbul, kuɗin ya ƙaru. Da wane asusun za mu kai shi gida? Wannan da na gani?

A gurguje: an biya hayar zaure, ajin Hausa na yara ya ci gaba ranar Asabar, muna neman malama ta biyu. 'Yan Nijar, ficewa daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, an fito da fasfon AES, amma tsohon yana aiki har wa'adinsa ya cika. Kowa ya duba ranar nasa kafin sabunta takardar zama, kada a zo ana kuka daga baya.

Na dawo kan ɗan'uwanmu. Matarsa na can a ɗakin haya a garin da ba ta san kowa ba, kuɗin da ya tura sun kusa ƙarewa. Iyayenmu mata, ku da kuka san zafin wannan, ku taya ni magana. Alhazai, don girman Allah, masu bashin wata shida da masu na shekara, ba zan karanta sunaye yau ba, amma wata mai zuwa zan karanta. Ma'aji na bakin ƙofa da littafi, kuma ƙofar ɗaya ce.