Yadda Kyanwa Ta Zama Masanin Kimiyya

A shekarar 1975, mujallar Physical Review Letters, ɗaya daga cikin manyan mujallun kimiyyar fiziks a duniya, ta buga wata maƙala mai marubuta biyu: J. H. Hetherington da F. D. C. Willard. Na farkon farfesa ne a Jami'ar Jihar Mishigan da ke Amurka. Na biyun kuwa muzuru ne. E, muzuru, mai jela da gashin baki.

Ga yadda aka yi. Hetherington ya gama rubuta bincikensa a kan halayyar hiliyam-3, wani nau'in sinadarin hiliyam, idan sanyi ya kai maƙura, ya miƙa wa wani abokin aikinsa ya duba. Abokin ya ce aiki ya yi kyau, sai dai akwai matsala guda: ko'ina "mun gano", "mun auna" ka rubuta, alhali kai kaɗai ne, kuma mujallar nan ba ta karɓar "mu" daga bakin mutum ɗaya.

Yau dai gyaran minti biyu ne a kwamfuta. To amma da tafireta ya buga, gyara na nufin a sake buga takardar tun daga layin farko. Ya ƙara sunan wani malami? Ke nan a raba yabo da wanda bai ɗaga ko tsinke ba. Sai malam ya waiga ya ga kyanwarsa, Chester.

Kada abokai su gane, sai ya yi mata ado. F da D daga Felis domesticus, sunan kyanwar gida a Latin. C na Chester. Willard kuma sunan uban da ya haifi muzurun. Ku lura, ko ƙarya bai shara ba, sunansa ne da na ubansa. Doka ta ce a zama biyu, ba ta ce dole na biyun ya iya magana ba.

Asiri ya tonu daga baya, shi kuma Hetherington ko a jikinsa. Har kwafin maƙalar ya riƙa aikawa da tambarin tafin ƙafar Willard a matsayin sa hannu. A 1980 ma wata maƙala ta fito da Faransanci a mujallar La Recherche da sunan Willard shi kaɗai. Muzuru ya tashi daga yaron gida ya zama mai gida.

Andre Geim, wanda ya ci kyautar Nobel a 2010, shi ma ya taɓa sa sunan wata 'yar dabbarsa mai kama da ɓera, Tisha, a maƙalar 2001. Wannan dai tsokana ce kawai.

Wadda ta ɗanɗana kuɗarta ita ce Polly Matzinger, masaniyar garkuwar jiki. A 1978 ba ta son rubuta "ni" tsirara, ba ta kuma son salon nan na "an yi, an gano" kamar aljanu ne suka yi aikin. Sai ta ƙara sunan karenta, Galadriel Mirkwood, a maƙalarta ta Journal of Experimental Medicine. Editan bai ga abin dariya ba. Ya rufe mata ƙofar mujallar, ba ta sake buɗewa ba sai bayan rasuwarsa.

Ni a ganina editan ya yi tsauri da yawa, tunda binciken bai canza ba don kare ya hau shafin farko. Da maganar ta sake tasowa lokacin da ake duba ko za a tabbatar da ita a aiki, a yadda ita ta ba da labari, masu tantancewa sun ce ba za a kira shi maguɗi ba: karen yana zuwa ɗakin gwaje-gwaje a kai a kai, kuma aikin da ya yi bai gaza na wasu da ake jera sunayensu a saman maƙaloli ba.