Lacca: Harajin otal, filin wasa da mai gyaran gado a Siyatil

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? Toh madalla.

Duk wanda ya taɓa kwana a otal a Amurka ya san abinda zan faɗa, an ce maka ɗaki dala 200 ne, ka kwana, da safe ka zo biya sai kaga rasit ya haura 230, ka duba ƙasa sai kaga layi-layi na haraji. A Siyatil, inda nayi karatu, harajin dake kan ɗakin otal ya wuce kashi 15 cikin ɗari in an haɗa duka. Kuma shi baƙon nan da ya biya ko tambaya baya yi, jakarsa yake ja yana sauri kar jirgi ya tashi ya barshi, ba a garin yake zaɓe ba, ba zai je gaban kansila yace ina kuɗina ba. Shi yasa 'yan siyasa ke son wannan haraji, kuɗi ne da mai biyansa baya dawowa bin bahasi. Toh tunda mai biya ya tafi, waye zai ci? Wannan ita ce maganar da nazo da ita.

Ni sanda nake karatu nayi aiki a ɗakin wanki na wani otal a tsakiyar garin, zanin gado da tawul muke wankewa muna ninkewa. Akwai wata baiwar Allah 'yar Somaliya, a haife ta haife ni, Inna nake ce mata, ita gyaran ɗakuna take. Ta kan shigo da safe da jiƙaƙƙen takalmi saboda ruwan saman garin baya ƙarewa, ta cire safa ta shanya a kan bututun ruwan zafi kafin ta ɗauki amalankenta ta hau sama. Wata rana nace Inna ƙarfe nawa kike fitowa? Tace sallar asuba ma a nan ɗakin canza kaya take yinta, don bas biyu take hawa daga can kudancin gari, haya a kusa da otal ɗin ta fi ƙarfinta. Gadon da take gyarawa kuɗin kwana ɗaya a kansa ya fi abinda take samu a wuni. Kuma daga wannan gadon ake cire harajin.

Yanzu ku biyo ni kuji tarihin kuɗin. Siyatil tana cikin gundumar Kin ne, a jihar Washinton, gunduma a can kamar ƙaramar hukuma ce amma mai ƙarfi, da majalisarta da kasafinta. Kashi 2 cikin ɗari na kuɗin ɗakin otal yana shiga hannun gundumar. Shekara da shekaru kuɗin nan bashin filin wasa yake biya. Sun gina wani ƙaton fili mai rufi, Kingdome, aka buɗe a 1976. A 1994 silin ɗinsa ya fara zubowa, aka sake cin bashi aka gyara, har ma'aikata biyu suka rasu a wajen gyaran. A watan Maris na 2000 aka sa nakiya aka rushe shi. Amma bashinsa ba a gama biya ba sai 2015. Ku lissafa, shekara 15 ana biyan bashin ginin da ko ƙurarsa babu. Da aka gama wannan sai kuɗin ya koma kan bashin sabon filin ƙwallon da aka gina a gurbinsa, har 2020.

Anan ne abin ya ɗan canza. Tun 2011 majalisar jiha tayi doka tace daga 2021, in an gama da bashin filaye, ga yadda za a raba: aƙalla kashi 37.5 na al'adu da gidajen tarihi da masu fasaha, aƙalla wani 37.5 na gidajen ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi a kusa da tashar jirgi ko bas da kuma kula da matasan da basu da wurin kwana, abinda ya rage, wato bai wuce 25 ba, na tallata gari ga masu yawon buɗe ido. Ku riƙe kalmar nan "aƙalla", don a kanta aka yi rigima. Ma'anarta kason gidaje ba zai sauka ƙasa da haka ba, amma in an ga dama zai iya hawa.

Sai 2018. Ƙungiyar Mariners, masu wasan besbol, yarjejeniyar hayar filinsu, wanda wani fili ne daban, ta zo ƙarewa, suka ce in ana so su sake sa hannu na shekara 25 sai an taimaka da kuɗin gyaran fili. Shugaban gundumar na lokacin, Daw Konstantin, ya kawo shawarar a basu wajen dala miliyan 180 daga harajin otal. A wannan shekarar ƙidayar da aka yi a dare ɗaya ta samu sama da mutum 12,000 basu da muhalli a gundumar, kuma tun 2015 shi da magajin gari suka ayyana dokar ta-ɓaci kan rashin muhalli. Wallahi in ka bi ƙarƙashin gadojin babbar hanya tanti ne jere, kuma ba duka bane marasa aiki, akwai wanda zai fito daga tanti ko daga cikin mota ya tafi aiki. Mutane suka cika zauren majalisa, aka kai ruwa rana. A watan Satumba aka kaɗa ƙuri'a, 5 da 4, aka ba filin dala miliyan 135, kason gidaje kuma aka ƙara shi sama da abinda doka ta tilasta.

Bari in yi wa ɗaya ɓangaren adalci, don kar ku fita kuce malam ya zo yana zagin masu otal. Hujjarsu ba ta banza bace. Suna cewa daga aljihun kwastomanmu ake cire kuɗin, toh a kashe shi wajen kawo ƙarin kwastoma, in baƙi sun daina zuwa ita kanta Innar aikinta zata rasa. Filin kuma mallakar jama'a ne ba na ƙungiyar ba, mai gida shi ke gyaran rufi. Na yarda da rabin wannan. Inda na rabu dasu shine, me ake sayar wa baƙo? Ɗaki mai tsafta ne da abinci mai zafi da wanda zai ɗauko shi daga filin jirgi, duk hannun mutum ne ke yi. In kace gyaran rufin fili hidimar yawon buɗe ido ne amma rufin da mai gyaran ɗaki zata kwana a ƙarƙashinsa ba ya ciki, toh gaskiya ni ban gane wannan lissafin ba.

Kuma ku lura da abu ɗaya, gidaje sun samu abinda suka samu ne saboda an rubuta kasonsu a doka da lamba, shekara goma kafin kuɗin ya shigo. Ku kwatanta da jihar Fulorida. Gundumar da garin Olando yake, inda babban wurin shaƙatawa na Disney yake, tana karɓar kashi 6, sama da dala miliyan 300 a shekara, amma dokar jihar ta ɗaure kuɗin a kan talla da zauren taro da filayen wasa da makamantansu, sai kaga ana ta faɗaɗa zauren taro alhali wasu ma'aikatan wuraren shaƙatawar da iyalansu a ƙananan otal-otal na bakin titi suke zaune suna biya mako-mako. Jihar Kolorado kuwa, da garuruwan kan dutse masu wasan ƙanƙara suka rasa ma'aikata saboda tsadar haya, a 2022 suka gyara dokarsu, in masu zaɓe sun amince ana iya sa harajin a gidajen ma'aikata da renon yaransu.

Mu nan gida, Legas tun 2009 take da dokar karɓar kashi 5 a otal da gidajen abinci da wuraren biki. Duk wanda cikinku zai yi bincike a kan kuɗin shiga na jiha, ina roƙonsa ya ɗauko dokar jiharsa ya karanta da idonsa, ya duba abu biyu, shin an faɗi inda kuɗin zai je ko asusun gama-gari kawai yake faɗawa, kuma in an faɗa, da lamba aka faɗa ko da baki.

Inna dai har na bar otal ɗin bas biyun take hawa. Lokaci ya tafi, naga hannun wata 'yar'uwa a can gefen taga, don Allah a miƙa mata makirfo.