Dattijo ɗaya ya sauke jirgin ruwa daga tirela, ni ina ta salati

Assalamu alaikum mutanen Katsina ta Dikko ɗakin kara, ina gajiya? Daga jihar Minesota ta Amurka nake magana, Oktoba ta shigo, kun ga bakina har hayaƙi yake. Bari in juya muku kyamara. Kun ga jirgin ruwan can da ke zaune bisa katako? Jiya a kan tirela yake, wato amalanken da mota ke jan jirgi da shi. Dattijon nan maƙwabcina ya sauke shi, ba kiren, ba majiya ƙarfi, sai ni da ke miƙa masa katako. Jirgi da injinsa sun fi tan guda fa!

Jihar nan ko a lambar motarsu an rubuta tafki 10,000, a ƙidaya kuma sun haura 11,000, shi ya sa jirgi a ƙofar gida ba abin kallo ba ne. Kafin sanyi ya daskarar da ruwa kowa ke janyo nasa. Dattijo so yake ya kankare ƙasan jirgin ya yi masa fenti, ga katakon tirelar ya ruɓe.

Bisa siminti ya tsayar da tirelar, wuri miƙaƙƙe, ya sa waigi gaba da bayan taya. Ya kwashe batir da tankin mai, ya kwance bel ɗin baya. Toshiyar ramin fitar ruwa kuwa dama a cire take, don dokar jihar ta hana ka hau titi da ita a toshe, kada ka kwaso ƙwarin wani tafki ka kai wani. Har tara ake ci.

To ga inda ya burge ni. Ya sauke bakin tirela, wato gaban da ake maƙalawa a mota, har ƙasa, sai bayan jirgin ya ɗaga. Ya jera guntayen katako masu kauri a ƙarƙashin kusurwa biyu na baya, biyu a tsaye biyu a gicciye, hawa-hawa. Da ya sake ɗaga bakin tirelar, bayan jirgin ya sauko ya zauna daram bisa katakon, tirela ta sake shi. Ko gumi bai yi ba. Daga nan ya koma gaba, ya sa jak a ƙarƙashin ƙashin tsakiyar jirgin da ɗan katako a kansa don kada ƙarfe ya fasa jikin. Ya ɗaga kamar tsawon yatsa, ya zare waigi, muka ja tirela a hankali har ƙarfenta na gicciye ya zo kusa da jak. Tsaya. A jera katako a bayan ƙarfen, a sauke, a matsar da jak, a sake ja. Haka muka wuni, taƙi-taƙi.

Waɗancan ƙafafun ƙarfe da ya tokare jirgin da su ta gefe, ya ce kowace ta haura dala 100, kada ma ku fara lissafin naira. Kuma ba su ne ke ɗaukar nauyi ba, nauyin na kan katakon tsakiya, su dai hana shi karkata suke yi. Ya ɗaure na dama da na hagu da sarƙa don kada su zame.

Na tambaye shi me ya hana shi sa bulo, ga su jibge bayan gareji. Ya ce katako in zai gaza sai ya yi ƙara ka ji, bulo kuwa farat ɗaya yake tarwatsewa. Jak kuma mai ne a cikinsa, roba ɗaya ta saki, an gama. Ko hannu bai yarda na tura ƙarƙashi ba sai da komai ya zauna kan katako.

Ƙanena da ke gareji a Ƙofar Ƙaura, da kai nake. Na sha ganinka kwance ƙarƙashin mota, jak ɗaya da rabin bulo, kana ce mini "Yaya, Allah na nan." Allah na nan, amma ka nemo katako, ni zan biya. Masu jirgin inji a Zobe da Jibiya da Sabke, ku ma kun ji.

Maganar Jibiya ta tuno mini soyayyen kifi da yaji. Nan sai mutum ya wuni a tafki, ya kamo ƙaton kifi, ya ɗauki hoto, ya mayar da shi ruwa! Wannan kam har gobe haushi take ba ni.

Ga shi can yana ɗago mini takunkumi, wai ƙurar tsohon fentin jirgi guba ce, ba a shaƙarta. Bari in je, sai na dawo.